Baƙin da Genésio Ya Aiko Pedra Torta

Zangon bakin titi, yammacin Paraná
6 ga Maris, 1994

Gwaggo Ercília,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ne Genésio, ɗan Josafá, wanda kakarku ɗaya da shi, wanda ya hau bayan babbar mota ya bar Pernambuco ya taho kudu tsinkar kofi tun kina budurwa. Mu dai muna nan lafiya, ni da matata Neusa da 'yan matanmu biyu, sai tari da ba ya barin kowa a nan.

Bayan haka, Baba ya rasu ranar sha tara ga watan jiya. Bai daɗe a kwance ba. Kwana biyu kafin ya cika ya sa na yi masa alkawarin zan rubuto miki. Na ce masa wa ya sani ko kina inda ya bar ki, bayan shekara arba'in. Ya yi dariya har ya shaƙe, ya ce, "Ercília? Ko tukunya ba ta canza wa murhu, balle ta canza gida. Rubuta Pedra Torta, za ta samu."

Ba zan ɓoye miki inda ya rasu ba. A ƙarƙashin baƙar leda ya rasu. Tun shekarar da sanyin ƙanƙara ya ƙone kofi ba mu sake zama wuri ɗaya ba. Masu gonaki suka tumɓuke itatuwan, suka koma waken soya, kuma tarakta ɗaya tana yin aikin mutum arba'in. Muka koma gefen gari, kullum da asuba mu tsaya a bakin hanya ko wata mota za ta kwashe mu zuwa aikin yini. Shekara huɗu da suka wuce na shiga ƙungiyar marasa gona. Sau biyu muna shiga filin kiwon da ba ko saniya a cikinsa, sau biyu ana fitar da mu da takardar kotu. Yanzu muna zaune tsakanin kwalta da wayar shinge, gida ɗari biyu da tamanin, a wurin da faɗinsa bai wuce taku sha biyar ba. In babbar mota ta wuce, ledar sai ta kumbura ta sauka kamar tana numfashi.

Yawancin maƙwabtana jikokin Italiyawa ne da 'yan Poland, waɗanda iyayensu suka taɓa mallakar 'yan gonaki suka rasa. Suna kirana Ɗan Arewa duk da a nan aka haife ni, wai ko kofi aka ba ni sai na zuba garin rogo a ciki. Ba su tsinana komai sai an yi taro. Ko rami za a haƙa na bayan gida, sai an ɗaga hannu.

In kin ga dama ki ba ni amsa ta hannun cocin garin da na rubuta a bayan ambulan. Yanzu ke kaɗai kika rage mani a dangin Baba.

Ɗanki,
Genésio

Pedra Torta, Pernambuco
11 ga Afrilu, 1994

Ɗana Genésio,

Na samu takardarka, na karanta ta sau uku. Allah ya ji ƙan Josafá, ya ba ku haƙuri. Ka gaishe da Neusa da yaran. Ni lafiya lau, in ban da gwiwoyi, su kam sun daɗe da yin ritaya. Ka yi haƙuri da rubutuna, sistocin coci ne suka koya mani ina yarinya, kuma ban cika amfani da shi ba sai a jikin kwalaben yaji.

Ubanka bai yi ƙarya ba, ina nan. Shi ma bai canza ba ashe, har ya mutu bakinsa bai mutu ba. Shi ne ya cinye mani tukunya guda ta alewar gwaba ana gobe zai tafi, ya ce guzuri ne.

Mijina Amaro ya rasu shekara shida ke nan. Na haifi uku, ba wanda ya rayu. Ina cikin ɗakin da aka ba mu a bayan babban gida ranar aurenmu, makullan kuma duk suna hannuna. Amma Pedra Torta ba wadda ubanka ya sani ba ce. Injin matse rake ya tsaya shekara uku yanzu. Raken da ba a yanka ba ya zama jeji, macizai sun samu gari. Tsohon maigida ya mutu, ɗansa Dokta Aurélio, wanda ni na raine shi tun yana zanin goyo, yana zaune a Recife, sau ɗaya yake leƙowa a shekara. Masu yankan rake duk an sallame su, aka rushe ɗakunansu don kada wani ya dawo. Suna can gefen gari a takure, in na je kasuwa sai in rasa inda zan sa idona. Manajan, Nestor, ranar Asabar kaɗai yake zuwa, shi ma ya zo ne ya kwanta a ragar lilo da kwalbarsa. Tun daga ƙofa har kogi ba mai gadi sai ni da wani kare mai ido ɗaya. Ga maɓuɓɓuga da ba ta taɓa ƙafewa ba, ga ƙasa da in ƙwayar wake ta faɗi daga faranti sai ka dawo ka tarar da ita ta yi yaɗo, amma ba mai sa mata fartanya. Abin yana damuna, ba na gaya wa kowa, kai ne na farko.

Duk da haka ina da magana da kai. Shiga filin mutane ba halin gidanmu ba ne. Mu mutanen rake ba mu taɓa mallakar ko inda za a shanya wanki ba, amma ba a taɓa kai ɗayanmu gaban alƙali ba. Ban ce ka yi laifi ba, ban san yunwarka ba. Ina sa ku a addu'a kullum.

Gwaggonka,
Ercília

Zangon bakin titi
2 ga Yuni, 1994

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai sanyi ya shigo da ƙarfi. Da safe numfashinmu yakan daskare a jikin leda, rana na fitowa ya dinga ɗiga mana a ka. Ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta miƙe.

Na ji faɗanki, kuma na gode, na kwana biyu ban ji babba ya yi mani faɗa ba. Ba zan tsawaita ba don mai zuwa gari yana jirana. Akwai wata 'yar'uwarmu, Valdete, 'yar wajenku ce asali, ta yi shekara biyu tare da mu, yanzu za ta koma gida. Na ba ta adireshinki. Don Allah ki karɓe ta, da ita da waɗanda za ta zo da su, kamar ni ne na zo. Mutuniyar kirki ce, ita ta tsaya a kan jana'izar Baba.

Ɗanki,
Genésio

Pedra Torta
19 ga Yuli, 1994

Genésio,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba.

Baƙuwarka ta iso ana jajiberin bikin Yahaya Mai Baftisma. Da ka ce ita da waɗanda za ta zo da su, na ɗauka miji ne da 'ya'ya. Na share ɗakin ajiya, na ɗaura ragar lilo uku don kwanciya, na yanka kaza, na yi dafaffiyar masara da ta madara. Sai ga ta ita kaɗai da 'yar jaka. Na ce ina sauran? Ta yi dariya ta ce, "Suna tafe, Gwaggo, ba su da saurin shiri." Kwana biyu ta yi kafin ta tafi. Ta taya ni wanke-wanke, ta shafa mani mai a gwiwa, ta ce in zaga da ita ta ga wuri. Na nuna mata maɓuɓɓuga, na nuna mata ɗakin famfo, na nuna mata inda hanyar mota ta ɓulle. Na ji daɗinta ƙwarai. Na daɗe ban ci abinci da wani ba.

Ranar Lahadin da ta wuce da asuba karen ya tashe ni. Ana ruwa. Na fita da makullai a aljihu kamar kullum, na tarar da manyan motoci shida da bas biyu a bakin ƙofa, ga mutane cike da hanya, da fartanyu da tukwane da katifu a ka. Da gari ya ɗan waye na fara gane fuskoki. Rabinsu a nan aka haife su. Akwai waɗanda ni na yanke musu cibi. Ba wanda ya yarda muka haɗa ido.

Valdete na gaba, riƙe da wani babban almakashin ƙarfe. Ta ce, "Gwaggo, ga sauran sun iso."

Na ce, "Kaza ɗaya na yanka miki. Wannan kuma da me zan tare su?"

Ta ce ba ta so ta sa ni cikin rigima, in koma ɗaki in rufe, in ce ban ga komai ba, ita za ta datse kwaɗon. Na tsaya ina kallonta. A bayanta akwai wata mata da jariri a cikin buhun taki, ta lulluɓe shi don ruwa. Kwaɗon nan Amaro ne ya sa shi da hannunsa. Ban san wanne ne ya motsa ni cikin biyun ba. Na sa makulli na buɗe.

Kafin azahar sun sassabe raken da ke gangaren kogi, sun kafa baƙar leda irin wadda ka ba ni labari, sun ɗaura jan ƙyalle a kan gora. Yanzu ina ganinsu ta tagar kicin. Nestor bai zo ba tukuna, sai Asabar.

Ercília

Zangon bakin titi
8 ga Agusta, 1994

Gwaggona,

Gaisuwa mai tarin yawa. Kowa lafiya, yau ko tarin ban ji ba don murna.

Takardarki ta zo jiya, na karanta ta a gaban taro. Da na zo wurin da kika ce kin sa makulli kin buɗe, mutane suka miƙe tsaye. Wani tsoho ɗan Poland da bai taɓa yi mani magana ba sai zolaya ya rungume ni yana hawaye. Yanzu ba mai ce mani Ɗan Arewa, sai ɗan gwaggo mai makulli.

Ba ki san girman abin da kika yi ba. Shekaru ana cewa wannan abu na mutanen kudu ne, wai mu da muka ga iyayen wasu da gona mu ne muka san daɗinta, amma mutanen rake tsoron maigida ya shiga jininsu, ba za su taɓa tashi ba. Akwai taswira a rumfar taro, duk inda aka shiga fili ana soka ƙusa. Da can ƙusoshin duk a ƙasan taswirar suke. Bana an soka a São Paulo, an soka a Bahia, har can Pará a arewa, inda ba a jiran kotu, bindiga ake fara aikowa. Jiya ni aka ba ƙusar Pedra Torta na soka.

Mu ma muna shiri, ba zan rubuta ranar ba. Ki gaishe da Valdete. Na san yanzu ba kya cin abinci ke kaɗai.

Ɗanki mai alfahari da ke,
Genésio

Pedra Torta
5 ga Satumba, 1994

Genésio,

Ina gaishe da Neusa da yara. Gwiwoyina sun kumbura, maganin ya ƙare, kuma ba halin zuwa gari.

Ka karanta takardata a taro, aka tafa. To, ka karanta musu wannan ma.

Ranar Asabar ɗin Nestor ya zo, ya juya ko kashe mota bai yi ba. Ranar Talata ya dawo da mutum goma sha biyu masu bindiga, ba 'yan nan ba ne. Sun kafa rumfa a ƙofa, wata a bakin gada. 'Yan sanda kuma suna kan babbar hanya. Wanda ya fita ba ya dawowa, wanda ke waje ba ya shigowa. Sista ɗaya ce ake bari ta kawo madarar gari ranar Alhamis, a cikin takalminta wannan takarda za ta fita. Mako bakwai ke nan. Waken da suka shuka ya fito, amma ba a cin fure, rogo da garin masara kawai ake lallaɓawa.

Ni kuwa ina tsakiya. Ɗakina bai kai zango ba, bai kai ƙofa ba. Mutanen Nestor suna kirana tsohuwar 'yan leda. In na bi ta zango, hira sai ta mutu, na ji wata na ce wa ɗanta ya yi shiru ga kunnen maigida nan tafe. Ka ce ba na cin abinci ni kaɗai. Ba wanda ya taɓa zama a kicin ɗina sai Valdete, ita ma a tsaye take shan kofin.

Nestor ya rufe ɗakin famfo ya karɓe makullin hannuna, ya sa mutum a maɓuɓɓuga. Kwana huɗu suna shan ruwan kogi, yara suka fara gudawa. Nestor bai san akwai makulli na biyu a cikin gwangwanin shinkafa ba. Kullum in mai gadin ya tafi karyawa sai in buɗe, mata su cika abin da za su iya. Ba don na shiga ƙungiyarku ba ne. Ba zan iya jin kukan nan ta taga ba ne kawai.

Makon jiya Dokta Aurélio ya zo da kansa. Ya shigo kicin ya zauna a kujerar da yake zama yana yaro, ya ce in dafa masa kofi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna Cília, ke da kika goye ni, ke za ki yi mani haka?" Na ajiye masa kofin a gabansa. Sai ya fito da takarda. Ya ce ranar ashirin ga Oktoba za a zauna a kotu. In na ce Valdete ce ta tsare ni da ƙarfe ta ƙwaci makulli, ɗakina nawa ne har in mutu, zai sa a rubuta. In na ce ni na buɗe, to na ci amana, in nemi inda zan kwana. Lauyan da coci ta ɗaukar wa mutanen zango ya aiko Sista ta gaya mani cewa in na faɗi abin da Dokta yake so, Valdete za ta yi shekaru a kurkuku, don ba shiga fili ba ne kuma, fashi ne.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce abu ɗaya ne bai gane ba: ta yaya mutanen da ke can Paraná suka san ranar Asabar kaɗai Nestor yake zuwa?

Ni ma abin da nake son sani ke nan. Na rubuta wa ɗan ɗan'uwana abin da ke damuna, na ce masa shi ne na farko da na gaya wa. Ka gaya mani gaskiya, wa ka nuna wa takardar nan?

Ercília

Pedra Torta
3 ga Oktoba, 1994

Genésio,

Alhamis huɗu Sista tana zuwa hannu wofi. In ka samu abin da kake so a wurina ne, ka rubuto layi ɗaya ka ce haka, in daina aike tsohuwar mata tana leƙa akwatin coci. In kuma ba ku da lafiya ne, Allah ya sawwaƙe. Saura kwana goma sha bakwai.

Ercília

Filin ƙwallon coci, yammacin Paraná
14 ga Oktoba, 1994

Gwaggo,

Ina gaisuwa da sunkuyar da kai. Muna da rai dukanmu. Haƙarƙarina biyu sun tsage amma suna haɗuwa.

Takardunki biyu yau na same su tare. Ƙarshen Agusta muka shiga filin da ke bayan shingen nan da muka yi shekara muna kallo. Kwana tara muka yi. Aka zo da dawakai da karnuka, aka ƙone ledojin da duk abin da ke ciki, har hoton Baba. Mu goma sha ɗaya aka tafi da mu, na yi kwana talatin da uku a tsare. Bakin titin ma an hana mu komawa, an zuba tsakuwa a wurin. Limamin coci ne ya ba mu filin ƙwallo, muna kwana tsakanin raga da raga.

Kin tambaye ni, ga amsa. Ni na nuna wa Valdete takardarki. Ba ta roƙe ni ba. An daɗe ana neman inda za a fara a yankinku, ta yi wata uku tana tambayar mutane, kowa na tsoron buɗe baki. Da na karanta maganarki ta ƙasar da ba mai sa mata fartanya, sai na ruga wurinta da takardar a hannu. Na gaya wa kaina cewa ke ma abin da kike nufi ke nan, kunya ce ta hana ki faɗa. Da zan rubuto miki zancen baƙi, Neusa ta ce, "Ka gaya mata ko su nawa ne." Na ce takarda tana iya faɗawa hannun wani. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Na san in na gaya miki za ki ce a'a.

Ban taɓa tunanin inda za ki kwana ba. Ni da na san abin da ake nufi da a fitar da mutum, ban yi wannan tunanin ba ko sau ɗaya.

Game da kotu, na rubuta layi uku na soke. Valdete ce ta wanke gawar Baba tare da ni. Ke kuma kin kai shekara sittin da ɗaya, kuma ɗakin nan shi ke gare ki. Ba ni da bakin ce miki ki yi kaza. Duk abin da kika faɗa, ba wanda zai ji wata magana a kanki daga bakina. In aka fitar da ke ki taho wurinmu. Kwana uku ne a bas. Ba ni da ɗaki, amma Neusa ta ce za ta raba ledarmu biyu da bargo.

Ban sani ba ko wannan za ta iso kafin ranar. Ki yafe mani.

Genésio

Bakin hanyar Pedra Torta
5 ga Nuwamba, 1994

Ɗana Genésio,

Ina gaishe ku, ina yi maka sannu da jiki. Ka ɗaure ƙirjin da zane, kada ka ɗauki nauyi. Na yi maka mugun zato a takardata ta ƙarshe, wannan kam ka yafe. Ni lafiya, na samu maganin gwiwa.

Takardarka ta iso kwana shida bayan kotu, saboda haka ba ta taimake ni da komai ba. Gara ma da haka.

Dokta ya aiko mota ta ɗauke ni. A hanya Nestor yana ta maimaita mani abin da zan faɗa, ni ma ina maimaitawa a zuci, don har muka isa niyyata in faɗe shi. Ina son ka san wannan, kada a sake tafa mani a banza. Valdete, wadda 'yan sanda suka kama kafin ranar, na zaune a benci, ta rame, ba ta dube ni ba. Alƙali ya tambaye ni shekarata nawa a gidan, na faɗa. Ya ce to wa ya buɗe ƙofa ranar sha bakwai ga Yuli. Na buɗe baki in ce an tsare ni, sai na ji na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Ana ruwa ne." Ya ce an tsorata ni? Na ce yarinyar cewa ta yi in koma ɗaki. Shi ke nan. Dokta ya tashi ya fita. A bas na dawo.

An saki Valdete. Amma takardar tashi ta fito duk da haka, ranar ashirin da biyar aka fitar da kowa. Ba a ƙone komai ba, an dai sa tarakta ta bi ta kan waken ana saura mako guda a cire. Ni an ba ni awa biyu. Na fito da keken ɗinki da tukwane da karen. Makullan na jera su a kan teburin kicin, kowanne da takardar sunansa, kada wani ya sha wahala.

Yanzu muna bakin hanya, a jikin shinge. Daga inda nake kwana ina hango rufin ɗakina. Matar da ta ce ni kunnen maigida ce, ita ta kafa mani leda. An sa ni a kan girkin yara. Ana kirana taro, ina zuwa in zauna a baya, ban taɓa ɗaga hannu ba.

Na gode wa Neusa, amma ba zan zo ba. Ranar Laraba aka yi ranar tunawa da matattu. Amaro da 'ya'yana uku suna kwance a 'yar maƙabartar da ke bayan injin, kuma ban taɓa fashin kai musu kyandir ba. Na je ƙofa, mai bindigar ya ce an ba shi sunana musamman. Sai na bi ta bayan gona, ta wata tsohuwar hanyar shanu, har na kai inda shinge ya yi kusa da kaburburan. Mata kusan talatin suka biyo ni, ashe kowace da nata a ciki. Muka kunna kyandir a ƙasa ta wannan gefen, muka yi addu'a ta cikin waya. Da na dafa wani gungumen shinge zan tashi, sai ya tafi da ni. Gara ta cinye su duka a wannan layin, wayar ce kawai ke riƙe da su. Ba wanda ya lura sai ni, na mayar da shi na tsayar.

Ka ce in yafe maka. Ban gama ba tukuna, kada ka sake tambaya, in na gama zan gaya maka. Amma ka ci gaba da rubutowa.

Jiya Valdete ta zo ta zauna kusa da murhuna, wannan karon a zaune ta sha kofin. Ta ce an yanke shawara za a sake shiga kafin ƙarshen wata, ƙofa da gada duk a tsare suke, kuma ba ta son ta kai mutane bakin bindiga. Ta ce ba za ta zaga da ni ta ɗauki magana a bakina kamar wancan karon ba. Tambayata take yi, in na ga dama in ce ban sani ba, ba za ta sake ɗaga zancen ba.

Na gama tuƙa tuwon yara, na rarraba, na wanke tukunya. Tana nan zaune. Sannan na ce ta tashi ta ba ni hannu, hanyar shanun da nisa, kuma ba na iya sauri.

Gwaggonka,
Ercília